Me ya sa "ƙasa" ta koma "Æ™asa" a fayil ɗina?

Mai Koyo:

Assalamu alaikum. Ina neman masu sani su warware min wani abu da ya ɗaure min kai yau kwana uku.

Wata huɗu ke nan da na fara koyon rubuta manhaja. Da harshen rubuta manhaja na C na soma, yanzu ina haɗawa da wani harshen, Python. Tun a makonnin farko aka koya mana cewa kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba kawai take riƙewa. Lambar A ita ce 65, ta B 66, haka nan har Z mai 90, ƙaramin a kuma 97. Aka nuna mana dabarar mayar da babban baƙi ƙarami, wato a ƙara masa 32. Na gwada daga A har Z, babu wanda ya ƙi. Abin ya burge ni ƙwarai.

To, sai na fara ɗan aikina na kaina. Ƙaramin ƙamus nake son yi wanda zan riƙa neman kalma a cikinsa. Na buga kalmomi kusan ɗari shida a fayil ɗaya, kowace a layinta tare da ma'anarta. A kwamfutata komai lafiya lau. Da na tura wa abokin karatuna ya buɗe a manhajar jadawali, sai ya turo min hoton abin da ya gani: ƙasa ta zama Æ™asa, ɗaki ya zama É—aki, ɓera ya zama É“era. Duk kalmar da ba ta da harafi mai ƙugiya kuwa tana nan daram.

Ba nan abin ya tsaya ba. Na sa C ta ƙirga min haruffan "ƙasa" da strlen, ta ce biyar. Na tambayi Python da len, ta ce huɗu. Na ƙara wa Ƙ 32 don ya zama ƙarami, sai ya ba ni Ƹ, wani abu mai kama da lamba uku a juye. Da na sa a jera kalmomin bi da bi, sai ƙasa ta faɗo bayan zobe, ɓera da ɗaki kuma suka koma can ƙarshen ƙarshe.

Abin da nake son sani: shin fayil ɗin ya lalace ne, sai na sake buga kalmomin nan? Kuma in har kowane harafi lamba ɗaya ne kamar yadda aka koya mana, ta yaya ƙ guda ɗaya ya haihu ya zama alamomi biyu?

Dattijon Manhaja:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kwantar da hankalinka, fayil ɗinka bai lalace ba, kada ka sake buga komai. Abin da aka koya maka gaskiya ne, sai dai rabin labarin aka ba ka.

Lambobin nan da ka haddace sunan tsarinsu ASCII. A Amurka aka tsara shi, ya fara fitowa a 1963, ƙananan baƙaƙe kuma suka shigo a gyaran 1967. Bit bakwai yake amfani da su, bit ɗaya kuwa ko sifili ne ko ɗaya, don haka gurbi 128 kacal yake da shi, daga 0 zuwa 127. Cikinsu 95 ne ake gani da ido in an haɗa da tazarar da ke tsakanin kalmomi, wadda lambarta 32. Sauran 33 umarni ne ga na'urorin buga saƙo na wancan zamanin: 10 tana nufin sauka sabon layi, 13 koma farkon layi, 7 kaɗa ƙararrawa.

Dabarar 32 ɗin nan da gangan aka yi ta. Rubuta 65 da sifili da ɗaya, za ka samu 1000001. Rubuta 97, za ka samu 1100001. Bit ɗaya ne ya bambanta su, kuma darajar wannan bit ɗin 32 ce. Haka alƙaluman ƙidaya: alamar 0 lambarta 48, alamar 7 lambarta 55, shi ya sa a C in ka ɗebe '0' daga '7' kake samun bakwai ta lissafi. Ina son wannan tsari har gobe saboda tsaftarsa. Amma ka riƙe a ranka yarjejeniya ce ta mutane, ba ɗabi'ar kwamfuta ba. Kamfanin IBM yana da nasa tsarin, EBCDIC, inda A take 193, kuma haruffan ba su ma jeru ba tare da giɓi ba: I tana 201, J ta tsallake zuwa 209.

Matsalar ASCII ita ce don Turanci aka yi shi. Ko é ta Faransanci babu. Da kwamfutoci suka tsaya a kan bayit mai bit takwas, aka samu ƙarin gurbi 128, daga 128 zuwa 255, sai kowane yanki ya cike su da abin da yake buƙata. Yammacin Turai suka samu ISO 8859-1 da ɗan'uwansa Windows-1252, masu Larabci suka samu Windows-1256, Rasha ma da nata fiye da ɗaya. Lamba ɗaya, ma'ana barkatai, ya danganta da teburin da mai karatu ya ɗauko. Na yi aiki a ƙarshen wannan zamanin, na kuma sha ganin takarda ta fita lafiya daga wata kwamfuta ta isa wata ba ta karantuwa. Haruffanmu masu ƙugiya kuwa babu su a ko ɗaya daga cikin waɗannan teburan da na ambata. Abin da wasu suka riƙa yi shi ne su ƙera salon zanen haruffa na musamman, su zana ƙ a gurbin wata alama da ba a cika amfani da ita ba. Ido yana ganin ƙ, amma lambar da ke ƙasa ta wata alama ce daban. Duk wanda ba shi da wannan salon zanen, shirme yake gani.

Unicode ne ya zo ya raba gardama, fitowarsa ta farko a 1991. Manufarsa kowane harafi na kowane rubutu a duniya ya samu lambarsa shi kaɗai. Gurbi 1,114,112 yake da su, kuma 128 na farko su ne dai na ASCII, ba a taɓa su ba. A nan Ƙ ya samu 408, ƙ 409, Ɓ 385, ɓ 595, Ɗ 394, ɗ 599, Ƴ 435, ƴ 436. Alif na Larabci 1575 ne. In ka ga an rubuta U+0199, ƙ ɗin ne dai, an rubuta 409 da ƙidayar goma sha shida-shida. Gwada ord('ƙ') a Python, mai ba da lambar harafi, ka gani, sannan chr(409), mai mayar da lamba harafi.

Yanzu dubi lambobin nan da kyau, za ka ga amsar tambayarka ta 32. Tsakanin Ƙ da ƙ ɗaya ne. Tsakanin Ɗ da ɗ 205. Tsakanin Ɓ da ɓ 210, saboda ƙananan ɓ da ɗ suna zaune ne a sashen alamomin masana furuci, manyansu kuma a wani sashen na ƙarin haruffan Latin. Babu wata lamba ɗaya da za ka ƙara ta yi maka aiki. Kai ka ƙara 32 a kan 408 ka sauka a 440, can kuwa gidan Ƹ ne. Ka bar dabarar nan a aji, a wurin aiki ka yi amfani da lower() na Python, shi teburin Unicode yake dubawa.

Saura batun alamomi biyu. Bayit ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce 255, ga shi ƙ 409 ne. Ke nan ba wa harafi lamba abu ɗaya ne, yadda za a ajiye lambar a fayil kuma abu ne daban. Hanyar ajiyar da ta fi yaɗuwa ita ce UTF-8, wadda Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992. A cikinta ƙ bayit biyu ne, 198 da 153. Manhajar abokinka ba ta san UTF-8 ne ba, sai ta ɗauko teburin Windows-1252 ta karanta kowane bayit shi kaɗai. A wannan teburin 198 Æ ne, 153 kuma ™. Shi ne abin da ya gani. Ita ma strlen bayit take ƙirgawa, shi ya sa ta ce biyar, len kuma lambobin haruffa take ƙirgawa, ta ce huɗu. Dukkansu ba su yi ƙarya ba, tambayoyi biyu daban suka amsa.

Malama Lissafi:

Dattijo ya gama magana, Allah ya ƙara sani. Ni dai zan so Mai Koyo ya ɗauki biro da takarda ya fitar da 198 da 153 ɗin nan da hannunsa, don ni sai da na yi haka abin ya zauna min.

Ƙa'idar UTF-8 ita ce: daga 0 zuwa 127 bayit ɗaya, daga 128 zuwa 2047 biyu, daga 2048 zuwa 65535 uku, abin da ya haura haka huɗu. Namu na ƙugiya duk suna cikin masu biyu. Rubuta 409 da sifili da ɗaya: 110011001. Cike shi da sifili ta hagu ya kai bit goma sha ɗaya: 00110011001. Raba shi biyar da shida: 00110 da 011001. Sa 110 a gaban na farko, sa 10 a gaban na biyu. Ka samu 11000110 da 10011001, wato 198 da 153. Wannan 110 ɗin yana gaya wa mai karatu cewa harafi mai bayit biyu ya fara, 10 ɗin kuma yana cewa ni ci gaba ne, ba farko ba. Hikimar da ke ciki ita ce ko an jefa ka tsakiyar fayil, kana duban bayit za ka san a farkon harafi kake ko a tsakiyarsa. Kuma duk tsohon fayil na ASCII, ba tare da an taɓa shi ba, ya riga ya zama UTF-8 ingantacce. Yi wa ɗ irin wannan lissafin, ya kamata ka samu 201 da 151.

Abin da na fi so ka koya shi ne gane irin ɓarnar daga kamanninta, domin ba duka suke ɗaya ba.

In ka ga irin Æ™, bayanan suna nan lafiya, teburin karatu ne aka kuskure. A sake buɗewa da UTF-8, shi ke nan. In ka ga ɗan akwati fanko a gurbin harafin, lambar daidai take, karatun ma daidai, salon zanen haruffan da ake nunawa da shi ne ba shi da hoton ƙ. Canza salon zanen, harafin zai fito. In ka ga alamar nan �, mai lamba 65533, an ce a karanta da UTF-8 ne amma aka ci karo da bayit da ba su bi ƙa'ida ba. Hakan yakan faru in manhaja ta yanke rubutu da ƙidayar bayit, yankan ya faɗa tsakiyar harafi, kamar a ɗauki 201 na ɗ a bar 151 a baya. Wanda ya fi muni shi ne ka ga ?asa da alamar tambaya ta gaske. Wannan an ajiye fayil ɗin ne da teburin da ba shi da ƙ, aka maye gurbinsa da lamba 63. Babu manhajar da za ta san ƙ ne ko ɗ ne ko ɓ ne a da. Wannan kam sai mutum ya zauna ya gyara da hannu.

Saboda haka ka gaya wa abokinka kada ya danna ajiyewa a kan fayil ɗin da ya buɗe a karkace. In ma ya riga ya yi, sau da yawa ana iya dawo da shi: 'Æ™asa'.encode('cp1252').decode('utf-8') zai ba ka ƙasa. Amma ka lura da babban Ɓ. Bayit ɗinsa 198 da 129 ne, ita kuwa 129 tana cikin gurbi biyar da Windows-1252 bai ba su wata alama ba, don haka takan salwanta a hanya. Na taɓa rasa duk kalmomin da suka fara da Ɓ a wani jerin sunayen littattafai ta wannan hanyar, sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya.

A manhajarka kuma, kada ka bar Python ta yi maka zaɓi. Duk inda ka buɗe fayil ka rubuta open('kalmomi.txt', encoding='utf-8'), a karatu da a rubutu. In ba ka faɗa ba, tana iya ɗaukar teburin da kwamfutar take kai, sai manhaja ɗaya ta yi aiki a wurinka ta ƙi a wurin wani. Fayil ɗin da za a buɗe a manhajar jadawali kuwa, gwada rubuta shi da 'utf-8-sig'. Yana sa bayit uku a farko, 239, 187, 191, waɗanda wasu manhajoji suke dubawa su gane UTF-8 ne.

Sauƙi Ya Fi:

Ni a ganina duk wannan wahala ce. Ka rubuta k da d da b zalla mana, kowa zai gane daga ma'anar jimla. Haka muke yi a waya kullum, ba a taɓa samun Æ ko akwati ba.

Dattijon Manhaja:

Ɗan'uwa, a saƙon waya tsakaninka da abokinka ba laifi, jimla za ta taimake shi. Amma yaron nan ƙamus yake yi, kalma ɗaya a layi ɗaya, babu jimlar da za ta cece shi. Ƙasa da kasa, ƙafa da kafa, baƙi da baki, ɓata da bata, kowanne biyu kalmomi ne daban. In ya cire ƙugiya, manhajarsa za ta ɗauke su abu ɗaya, ta haɗa ma'anoninsu ko ta goge ɗaya a matsayin maimaici. Kuma hanya ce mai tafiya ba dawowa: daga ƙ zuwa k layi ɗaya ne na manhaja, daga k zuwa ƙ kuwa sai wanda ya san harshen ya zauna a kai.

Inda shawararka take da amfani shi ne wurin nema. Ya ajiye kalmar da ƙugiyarta, sannan ya yi wani kwafi marar ƙugiya a gefe don bincike kawai. Wanda allon madannansa ba shi da ƙ, in ya buga kasa, a nuna masa kasa da ƙasa duka ya zaɓa. An wahala kafin haruffan nan su samu lambobinsu, ba na so mu watsar da su da hannunmu saboda kalma ɗaya da aka manta a rubuta wurin buɗe fayil.

Na manta ban taɓo batun jerawa ba. sorted(), umarnin jerawa na Python, lambobi take kwatantawa. z 122 ne, ƙ 409, ɓ 595, ɗ 599, ka ga daidai yadda suka fito maka. Ko a Turanci ma haka take yi, duk manyan baƙaƙe sai su riga ƙanana, Z mai 90 ta zo kafin a mai 97. Jerin lambobi daban, jerin abacada daban. Ko dai ka rubuta naka tebur da ke cewa ɓ bayan b yake, ɗ bayan d, ƙ bayan k, ka miƙa wa sorted() ta hanyar key, ko ka ɗauko ICU, wani kundin manhaja da aka riga aka rubuta, wanda yake da ƙa'idojin jerawa na harsuna da yawa har da Hausa. Tunda koyo kake, na fi so ka rubuta naka tukuna. A nan za ka yanke shawara a kan sh da ts: a wurin kwamfuta kowannensu lambobi biyu ne, a abacada kuwa baƙi ɗaya ne. Kai za ka gaya mata inda kake son shanu ya zauna, tsakanin sauran kalmomin s ko bayan sun ƙare.

Mai Koyo:

Na gode ƙwarai, Dattijo da Malama, Allah ya saka da alheri. Na yi lissafin ɗ a takarda, 599 ta ba ni 01001 da 010111, na samu 201 da 151 kamar yadda Malama ta ce. Na duba teburin, 201 É ne, 151 kuma dogon layin nan da ya fito a É—aki. Na sake rubuta fayil ɗin da 'utf-8-sig' na tura wa abokina, ya ce duka sun fito daidai. Allah ya taimake ni bai ajiye na farkon ba. Teburin jerawa ma na rubuta, ƙasa ta dawo bayan kalmomin k, sh da ts ne ban gama da su ba.

Amma ga wani sabo. Na nemi 'ya'ya a ƙamus ɗin, manhajar ta ce babu, alhali ina ganinta da idona a layi na 412. Na kwafo ta daga fayil ɗin na liƙa, sai ta samu. Na buga da hannuna, babu. A ido ba su da wani bambanci ko kaɗan.

Malama Lissafi:

Madalla da ka yi lissafin da kanka. Wannan sabon ma kana da makamin gano shi yanzu. Ka sa manhajar ta buga maka ord() na kowane harafi a cikin kalmomin biyu, ka jera su kusa da juna.

Kusan na tabbata waƙafin sama ne. Akwai aƙalla uku masu kama da juna: miƙaƙƙen nan na allon madannai mai lamba 39, lanƙwasasshe mai lamba 8217 wanda manhajojin rubutu suke musanya maka da shi ba ka sani ba, da kuma mai lamba 700, wanda Unicode ya ware a matsayin harafi, ba alamar rubutu ba. Ga kuma ƴ mai lamba 436, da ake rubuta wannan sautin da shi a ƙa'idar rubutun Nijar. Kalma ɗaya ke nan ta hanyoyi huɗu, kuma alamar kwatantawa == ba ta san kama ba, lamba take dubawa.

Irin wannan tarkon yana da yawa. A na Latin 65 ne, А na rubutun Rasha 1040, Α na Girkanci 913, ido ba ya raba su. In kuma wata rana ka fara sa alamar karin sauti a ƙamus ɗinka, ka sani à tana iya zama lamba ɗaya, 224, ko lambobi biyu, 97 da 768 a bayanta. Wannan unicodedata.normalize('NFC', kalma) yana daidaita shi, amma ba ya taɓa waƙafin sama, wannan aikinka ne.

Ka zaɓi ɗaya daga cikinsu ya zama naka. Rubuta ɗan umarni guda da zai mayar da sauran zuwa gare shi, sannan duk kalmar da za ta shiga fayil ta bi ta cikinsa, duk abin da mai nema ya buga shi ma ya bi ta cikinsa kafin a kwatanta. In ka fitar da lambobin layi na 412, turo su nan mu gani ko 8217 ce.